Godiya ga ofishin da ya mayar wa waƙoƙinmu ƙugiyarsu

Assalamu alaikum.

Wannan takarda zuwa ga maigidan ofishin ayyukan kwamfuta da ke bayan Babbar Kasuwar Maradi take, shi da yaransa, musamman ɗiyar nan da ke zama a teburin bakin taga. Ban kama suna ba don ban nemi izini ba, amma wanda ya san layin ya san inda nake nufi.

Ni tsohon malamin lakwal ne, har yau Mushe ake kirana ko da yake na aje alli. Tun ina koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci nake tara rubutattun waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana daga hannun ɗalibai da abokai, na Tibiri, na Madarunfa, na Tasawa, har da ƴan uwa na tsallaken iyaka, Jibiya da Katsina. Sun cika kwali biyu, gara kuma ta fara yi musu sallama. Yarana suka matsa in sa su a intanet kafin a wayi gari babu ko ɗaya.

Wuri na farko da na kai aikin, jika 20 aka karɓa, aka ce in dawo bayan mako guda. Sai da na yi sawu huɗu, kowane da kuɗin kabu-kabu. Ranar da aka buɗe mini shafin a salula, gabana ya faɗi. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ take, alamar tambaya ce zaune. Waƙa mai baiti 32, wadda marubucinta ya yi wata biyu yana auna ƙafiyarta, ta dunƙule wuri guda kamar takardar sayen fili. Da na yi magana, saurayin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce injin na Turawa ne, Faransanci da Ingilishi kaɗai ya sani. A wuri na biyu an fi ladabi, amma shawararsu ta fi ciwo: wai in zubar da ƙugiyoyin duka, ai kowa zai gane. Na ce masa, ɗana, in na rubuta cewa baƙi sun cika gida, ka mayar mini baki, me na faɗa ke nan? In aiki ya ƙare ka ce kare, wa zai ɗaure shi? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ƙari a kan haka, ko waƙafi ɗaya nake son gyarawa sai na koma wurinsu na biya.

Da wannan zuciyar na shigo ofishinku, ban sa ran komai ba. Abin da ya fara kwance ni shi ne, kafin ɗiyar nan ta taɓa kwamfuta sai da ta ce, "Baba, ba ni ɗaya in karanta." Ta karanta baiti biyu a fili, da kari, ta tsaya inda ɗango ya tsaya. Cikin duk waɗanda na kai wa takardun nan, ita ce ta farko da ta duba abin da ke ciki.

Sannan ta raba mini ciwon gida-gida, kamar likita. Ta ce alamar tambaya da ɗan akwatin da ke fitowa a gurbin harafi ba cuta ɗaya ba ce. In akwati ne, harafin yana nan da ransa, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi, sai a sauya zuwa wanda ke da haruffanmu, irin Andika. In alamar tambaya ce, an adana rubutun ba da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu a kwamfuta da ya san haruffanmu, harafin ya mutu, sai an sake bugawa. Nawa na biyun ne. Ba ta ɓoye mini ba, ba ta kuma zagi waɗanda suka yi ɓarnar ba, ko da yake ni na so ta taya ni.

Daga nan ta koya mini abin da ake kira Markdown. Hanya ce ta rubutu da wani Ba'amurke, John Gruber, ya fito da ita a 2004, inda mutum ke buga zancensa tsura ya ɗan sa alamomi. Alamar # a farkon layi tana mai da shi kan magana. Tauraro biyu gaba da bayan kalma suna ba ta kauri, tauraro ɗaya yana karkatar da ita. Layin da aka bari fayau yana buɗe sabon sakin layi. Nan na ɗan sha wuya, don hannuna ya saba da WhatsApp, inda tauraro ɗaya ne ke ba da kauri. Sau uku ina kuskure, sau uku tana cewa, "Ba komai Baba, sake."

Abin da ke karɓar wannan rubutu ya juya shi zuwa HTML, harshen da shafukan intanet ke ji, wani ƙunshin manhaja ne da masu sana'ar ke ce wa laburare. Nasu markdown-it ne, da harshen kwamfuta na JavaScript aka rubuta shi, kyauta ne kuma. Da na ga yadda take sarrafa shi sai na tuna tela da kekensa: keke ɗaya ne, amma ɗinkin shadda daban, na leshi daban, saiti ake juyawa. Ashe dunƙulewar waƙoƙina ba ƙaddara ba ce. A ƙa'idar Markdown, layukan da suka bi juna babu fili tsakaninsu haɗe su ake yi su zama sakin layi ɗaya, don zube aka yi tunani, ba waƙa ba. Ana iya barin tazara biyu a ƙarshen kowane ɗango, amma wa zai riƙa ƙirga abin da ido ba ya gani? Akwai makunni guda a cikin saitin wanda ke sa kowane layi ya tsaya inda marubuci ya tsayar da shi. Ta kunna, ta sabunta shafin, baitoci 32 suka jeru kamar sahun salla. Abin da aka ce mini ba shi da magani, kalma ɗaya aka sauya.

Akwai inda ita ma ta yi tuntuɓe, kuma a nan ne na ƙara ganin girmanta. Ta fara da saitin da suke yi wa masu rubutun Faransanci, wanda ke gyara alamomin zance da kansa. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, amma mutanen Katsina waƙafin sama suke sa wa y. Wannan gyara na kai-tsaye ya rikice, yana ɗaukar waƙafin a matsayin buɗe zance: wani wuri ya miƙe, wani ya lanƙwashe dama, wani hagu. A jerin karin maganata kuma, inda na sa (a) da (b) da (c), sai (c) ta rikiɗa ta koma ©. Da na nuna mata, ba ta ce injin ne ba. Ta ce, "Laifina ne Baba, ban kashe shi ba." Ta kashe. Ta kuma bar ƙofar HTML a rufe, don tsofaffin ɗalibaina za su riƙa turo rubutu, kada wani ya cusa abin cutarwa a ciki. Ta ƙara wani ɗan reshe na bayanin ƙasan shafi, saboda tsofaffin kalmomin Gobiranci da yaran yanzu ba su sani ba.

Sauran aikin, su rasit da sa shafin a intanet, an yi shi yadda ya kamata, kuɗin kuma bai kai wanda na zubar a baya ba. Ranar da kuran ya ɗauke muna tsakiyar aiki, maigidan da kansa ya aika aka kawo mini shayi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muka saba da rainin harshenmu har muka daina ganinsa. Tun 1999 hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma zaga gari ka duba allunan shaguna, da katin biki, da sanarwar suna. Mai buga takarda ba zai yarda ya bar é babu alamarta ba, kunya zai ji, amma ya zubar da ƙugiya hamsin ya miƙo maka yana jiran kuɗi. In ka yi magana kai ne mai tsanani. Yaran da suka iya kwamfuta suna da yawa a Maradi, ba ilimin ne ya yi ƙaranci ba. Sau nawa aka zaunar da dattijo aka nuna masa yadda zai yi abu da kansa, alhali an san in ya iya ba zai dawo ya biya ba?

Ku kun yi haka. Yanzu da asuba, bayan na dawo masallaci, nakan buga waƙa ɗaya ko biyu a salula da madannin Hausa da ta sa mini, in tura, in gan su sun fito da ƙugiyarsu. Na gama 47, kwali na biyu ko buɗe shi ban yi ba.

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare dukiya. Ɗiyata, Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan magabata. Ranar Alhamis ina tafe da wata waƙa da ke da amshi bayan kowane baiti, na rasa yadda zan sa amshin ya ɗan matsa ciki. A tanadar mini kujerar bakin taga.

Naku,
Tsohon mushe, unguwar Zariya, Maradi