Zuwa ga Edita: maganar bangaskiya da ayyuka, a zo mu duba tiya

Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka duka na gidan radiyo, ya aiki, ya haƙuri da mu masu kira ba dare ba rana. Allah shi ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shirin nan naku na ran Lahadi da marece wanda kuke ba mu fili mu mabiya Almasihu. Na makon jiya ya tsaya mani a rai. Kun gayyato fasto biyu kan batun bangaskiya da ayyuka nagari, sai masu kira sunka rabu gida biyu, wasu na cewa ceto kyauta ne kar a kawo muna zancen ayyuka, wasu kuma na cewa to in haka ne ai kowa sai ya yi abin da ya ga dama tunda an riga an biya. Na yi ta kira layin a cike har anka rufe shirin, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a waya ko da zai yi tsawo, a yi mani haƙuri.

Ni ba fasto ba ne. Ɗan awo ne ni, hatsi da dawa da wake nike saidawa a kasuwa nan Maradi shekara ta kai 20, ran Lahadi kuma ina koya ma yara a majami'armu.

Wanda ya kira ya karanta Afisawa 2:8 da 9 gaskiya ya faɗa, ta wurin alheri anka cece mu, ta bangaskiya, ba aikinmu ba ne balle wani ya yi fahariya. A kan wannan nike tsaye kuma a kansa nike so in mutu. Amma don Allah mi ya sa kullum muke rufe littafin a aya ta 9? Aya ta 10 tana nan manne da ita, tana cewa mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka da Allah ya riga ya shirya mu yi tahiya cikinsu. Mutum guda ne, manzo Bulus, ya rubuta ukun, a numfashi guda. Shi kuma ɗan'uwan da ya kawo Yakubu sura 2 shi ma bai yi ƙarya ba, bangaskiyar da babu ayyuka matacciya ce. Abin da na gane a ɗan karatuna shi ne Bulus da Yakubu ba mutum guda suke ma magana ba. Bulus na gardama da masu ganin kaciya da kiyaye shari'a za su saya masu karɓuwa gaban Allah, Yakubu kuwa yana magana da mutumin da zai ga ɗan'uwa ba sutura ba abinci ya ce masa ka sauka lahiya Allah shi rufa asiri, ya maida hannu aljihu ya wuce. Har ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, suna rawar jiki. Kuma dukansu biyu da Ibrahim sunka kafa hujja.

Gardamar ma ba yau ta fara ba. Martin Luta wanda ya tada gyaran ikilisiya a Jamus a 1517 sai da ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ƙaiƙayi a 1522, amma shi ɗin dai shi ne ya rubuta cewa bangaskiya abu ce mai rai mai aiki wadda ba ta iya zama ba ta yi alheri ba. Ƴan Katolika da ƴan Luta kuwa sai ran 31 ga Oktoba 1999 sunka sa hannu a takarda guda a garin Ogsbag na Jamus, cewa alherin Allah ne ke ceto kuma shi ke kiran mutum ga aikin kirki. Shekaru kusan 500 ana ja. To mu ba a cikin awa guda ta radiyo za mu gama ta ba, kuma ni ba don in ƙara mata wuta na rubuto ba. Damuwata daban ce. Duk wanda ya kira ranan, da ya ce ayyuka sai ka ji zakka yake nufi da baiko da azumi da kwanan addu'a da zuwa bishara ƙauye. Ban ji ko mutum guda ya ambaci tiya ba.

Bari in ba ka labarina, ban taɓa faɗinsa a waje ba sai ga uwargida da Baba Fasto.

Bayan an rufe iyakarmu da Najeriya a 2023 kowa ya san halin da munka shiga a garin nan, kaya ba su shigowa yadda anka saba, komi ya hau, hatsi ya yi tsadar da mai saye na kuka mai saidawa ma na kuka. Lokacin ina da tiya biyu. Guda ta saye, wadda nike tahiya da ita kasuwannin ƙauye, cikakka ce kuma in ina awo sai in tara hannu a bakinta. Guda kuma ta saidawa, wadda na ɗora bisa turmi na bubbuga gindinta ya shiga ciki kaɗan, in ka kalle ta daga sama ba ka ganin komi sai ka juya ta. Abin da take ragewa bai wuce cikin tafin hannu ba a kowace tiya, amma a buhu yana taruwa. Na ce ma kaina kowa haka yake yi, kuɗin mota ya hau, ga kuɗin lakwal na yara. Kuma wallahi ban taɓa fasa fidda zakkata ba ko sati guda, daga cikin wannan ribar nike fiddawa in sa a ambulan in kai.

Ran wata kasuwa wata tsohuwa ta zo, musulma ce, irin iyayen nan namu masu ɗaure kuɗi a bakin zane. Ta wuce rumfa uku ta tsaya a tawa. Na ce Inna sannu da rana, nawa za a auna? Ta ce tiya biyu ɗana. Ta kwance ƙullin tana ƙirga ƴan dala-dala da hamsin-hamsin a tafin hannunta, ni kuma na ɗauki tiyar na fara awo, sai ta ce mani ba tare da ta ɗago kai ba, ai tun can anka nuno mani kai, an ce ku ƴan mishan ba ku algus shi ya sa na ƙaraso, jikoki ne gare ni marayu. Malam Edita hannuna na cikin buhu a lokacin. Ban san sanda na zuba mata na ƙara na sake ƙarawa ba har ta ce kai ɗana gyaran ya yi yawa kar ka yi hasara. Ta sa mani albarka ta ɗauki kayanta ta tahi, ni kuwa na kasa ko amsa amin.

Daren nan ban ci tuwo ba. Ayoyin duk na san su, ni ke koya ma yara su. Karin Magana 11:1, ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Maimaitawar Shari'a 25 ta hana mutum ya aje mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, kamar an leƙo rumfata anka rubuta. Ban taɓa shakkar ko guda ba, na gaskata su sarai, to wace irin gaskatawa ce wannan da ta shekara tana kwana ɗaki guda da tiyar nan ba su taɓa faɗa ba? Tambayar da Yesu ya yi a Luka 6:46 ce ta hana ni barci, don mi kuke ce mani Ubangiji Ubangiji amma ba ku yin abin da na ce.

Da na kai ma Baba Fasto maganar bai yi mani faɗa ba, bai kuma ce ba komi ba. Ya ce gafara kam ba saye za ka yi ba an riga an biya ta a kan gicciye, amma ka duba Zakka mai karɓar harajin nan na cikin Linjila, sai da Yesu ya shiga gidansa tukuna ya miƙe ya ce wanda na cuta zan maida masa ninki huɗu, ba maidawar ce ta kawo Yesu gidan ba, shigowar Yesu ce ta fiddo maidawar. Na ce Baba ni ina zan samo mutanen da na auna ma shekara guda? Ya ce waɗanda ka sani ka bi su, waɗanda ba ka sani ba ka maida ta bakin tiya. Masu abincin saidawa uku da ke ɗaukar kaya wurina na bi su har gida, guda ta yi mani tatas kuma tana da gaskiya, har yau ba ta dawo ba. Tiyar kuma tana nan bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki.

Akwai wani misali da mu mutanen Maradi ya kamata mu fi kowa ganewa. Wajen 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, bayan ya sha wahalar dashen itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da muke sassabewa a gona kowace shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa. Abin da ake buƙata kawai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a rage sauran a bar su su tashi. Shi ne sassaben zamani da yanzu ya cika gonaki daga nan har Damagaram, ana maganar hekta wajen miliyan 5. Kututturen da ke da rai ba sai an roƙe shi ba yake tofo, in ko damina ta zo ta wuce bai fidda ko ganye ba manomi ya san ya mutu, ko da yana nan tsaye a gona. Ba ganyen ne ke ba saiwar rai ba, kowa ya sani, amma da ganyen ake gane ta. Kuma ga abin da ya fi taɓa ni a tarihin. Lokacin yunwar 1984 wadda iyayenmu ke ce ma El Buhari, an riƙa ba mutane abinci don su bar itatuwan a gonakinsu, da rabon abincin ya ƙare da yawa sunka sare nasu. Waɗanda sunka ci gaba su ne waɗanda abin ya shiga ransu. Biyayyar da ake yi don a samu wani abu haka take, ran da abin ya yanke ita ma ta yanke.

Sunan nan da tsohuwar ta zo da shi, ƴan mishan ba su algus, ba ni na gina shi ba. Tun zuwan mishan Damagaram a 1924, daga baya garin Tsibiri, da asibitin Galmi da anka buɗe a 1950, da Danja nan kusa da mu inda anka riƙa wanke gyambon kutare lokacin da danginsu ma ke gudunsu, mutanen da yawancinsu ba mu san sunansu ba ne sunka tara shi a hankali. Mu ƴan kaɗan ne a ƙasar nan, maƙwabcinka ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi ba, kai yake karantawa. Ni kuma na ɗauki wannan gadon ina saida shi cikin tafin hannu ɗaya-ɗaya.

Ba ƴan awo kaɗai ba. Akwai mai ƴar aiki a gida wata uku bai biya ta ba amma shi ne gaba wajen alkawarin siminti na ginin majami'a, alhali Yakubu 5:4 ya ce ladan ma'aikatan da anka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Akwai tela mai cewa gobe tun kahin Kirsimeti har a shiga sabuwar shekara. Akwai mai cin bashin ɗan'uwa ya canza layin da yake bi. Da sojoji da masu karɓar haraji sunka tambayi Yahaya Mai Baftisma mi za su yi, bai ce su bar aikinsu su koma jeji ba, ya ce kar ku karɓi fiye da abin da anka ƙayyade, kar ku yi ƙwace, albashinku ya ishe ku. Ƙananan abubuwa ne na ran Litinin da Talata, kuma sun fi kwanan addu'a wuya, na gwada duka biyun.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku sake maimaita shirin amma wannan karon ban da fastoci ku zaunar da ɗan awo da tela da ɗan kabu-kabu da malamar asibiti da mai saida abinci, kowa ya faɗi inda biyayya ke yi masa wuya a sana'arsa da bakinsa. In da hali kuma a matsar da shi zuwa bayan ƙarfe 8 na dare, don da marece yawancinmu ba mu dawo gida ba. Kuma ku ƙara layi na biyu don Allah. In kuna neman ɗan awo ni zan zo, in kun yarda har tsohuwar tiyar in taho da ita ku juya ta ku gani.

Naku mai saurare kullum,
wani ɗan awo daga unguwar Zariya, Maradi