A dakata da rataya tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Nima nake rubuto maka, nan Accra, kan maganar masu cewa a dakatar da hukuncin kisa a Najeriya. Naga wasu na zaginsu wai sun bi turawa sun ƙi ƙisasi. Toh ni musulmi ne, ban musun ƙisasi ba, amma malamanmu sun koya mana ana kawar da haddi in akwai shubuha, kuma wallahi kotunanmu shubuha tayi musu yawa.

Akwai wani yaron unguwarmu da aka kwashe cikin kame bayan anyi kisa a wata rigima, yaron nan turancinsa bai wuce na tasha ba, aka rubuta sitatimen aka ce ya dangwala ya dangwala, shekara huɗu yana tsare ba'a yanke komai ba, yau lauya bai zo ba gobe fayil ya ɓata, uwarsa mai koko ce saida ta sayar da zannuwanta kafin a samu lauyan da ya karanta takardar yaga ko wurin da akayi abin bai dace da bayanin ba. Da ace an yi sauri fa?

Anan Ghana tun 1993 ba'a zartar wa kowa ba, amma kotu bata daina yankewa ba, mutane sama da 170 suka taru suna jiran igiya, yawancinsu a gidan yarin Nsawam. Sai a Yulin 2023 majalisa ta soke shi a laifin kisa ta mayar ɗaurin rai da rai, ɗan majalisar Madina Francis-Xavier Sosu ne ya kai kudirin. Cin amanar ƙasa kam yana nan a tsarin mulki, shi yasa a 2024 aka yanke wa mutum 6 kisa kan yunƙurin juyin mulki. Ko a Amurka gwamnan jihar Illinois George Ryan, wanda da mai goyon bayan hukuncin ne, ya dakatar a 2000 da yaga an kashe 12 an kuma wanke 13.

Ni bance Najeriya ta kwaikwaye mu ba. Gwamnoninku dama basa son sa hannu a takardar zartar da kisa, toh a fito a faɗa a hukumance, a sake duba shari'ar kowa ɗaya bayan ɗaya, wa ya samu lauya na gaske, wa aka yiwa tafinta, wa aka daka a sel kafin ya amsa. Yaron nan dai yanzu yana gyaran babur, baya jin magana da kunnen hagu.

Naka,
Mai karatu daga Nima, Accra