Barka da Sallah daga Delhi

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kun yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu nan sai yau muka sauka idi, kwana ɗaya bayanku, domin Musulmin Indiya ganin watan ƙasarsu suke bi.

Baba, na san abin da ya fi damunku tun tasowata shi ne yadda zan riƙe addinina a ƙasar da Musulmi ba su ne masu rinjaye ba. To ku kwantar da hankalinku. A Masallacin Jama na tsohon birni na yi idi, wanda Sarki Shah Jahan, mai ginin Taj Mahal, ya kammala a 1656. Da jan dutse da farin marmara aka gina shi, ƙubba uku, hasumiya biyu, ga tafkin alwala a tsakiyar farfajiya. Yana ɗaukar mutum kusan 25,000, amma yau bai ishe mu ba, sahu ya gangaro kan matakala har bakin titi. Wani dattijo mai jan gemu na lalle ya ga ba ni da darduma, ya ja ni kan tasa muka raba. Da aka sallame ya rungume ni sau uku, dama da hagu da dama, kamar yadda suke yi. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, amma bai sake ni ba sai da ya kai ni wata rumfa ya saya mini siririyar taliyar nan da suke dafawa da madara da dabino ranar Sallah. Allah ya saka masa da alheri.

Zirga-zirga kuwa ba ta ba ni wahala. Jirgin ƙasan cikin gari, metro, da aka buɗe a 2002, shi ne ƙafata. Kati nake zuba wa kuɗi, in taɓa shi a ƙofa ta buɗe. Sai an binciki jaka kafin a shiga, ba a cin abinci a ciki, ga sanyi, kuma taragon gaba na mata ne zalla. Wannan tsarin ya burge ni ƙwarai, Inna, har na ce da kun zo ba za ku takura ba. Idan na fito tasha sai in hau keke mai ƙafa uku, irin namu dai, domin yawancin waɗanda ke yawo a Kano daga ƙasar nan ake kai su. Sai dai dole a yi ciniki kafin a hau, in ba haka ba kuɗin baƙo za a caje ka.

Daren jajiberi na shiga kasuwar Chandni Chowk yin tsaraba. Lungunanta sun tuna mini Kasuwar Kurmi, kowane layi da abin da ya shahara da shi. Mata sun yi layi ana zana musu lalle har tsakar dare. A Dariba Kalan, layin maƙeran azurfa da masu turare, na saya wa Baba turaren wardi marar giya. Mai shagon ya ɗiga mini a bayan hannu ya ce in je in zaga, in ƙamshin ya zauna in dawo. Ya zauna kuwa. A Kinari Bazaar na samo wa Yaya Hadiza leshi da zaren ado na ɗinkinta. Inna, naku daga Khari Baoli ne, kasuwar kayan yaji: kanumfari, kirfa, masoro da kurkur. Wurin nan kowa atishawa yake saboda ƙurar barkono, masu kura na ta ture buhuna suna ihun a ba su hanya. Abin mamaki, har mai shayin bakin titi ta waya ake biyansa.

Gobe in Allah ya kai mu za mu je Kutub Minar da abokan karatuna, hasumiya mai tsayin kusan mita 73 da aka soma ginawa wajen 1199, an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikinta. Baƙi sun fi 'yan ƙasa biyan kuɗin shiga, duk da haka ba zan bari ta wuce ni ba. Zan turo hotuna ta wayar Auta.

Kayan zan ba wani ɗan'uwa da ya kawo mahaifinsa asibiti, suna shirin komawa bayan Sallah. A gaishe mini da Kawu da su Gwaggo da duk mutanen unguwa. A ba yara goron Sallah a madadina, a kuma ci gaba da sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso.

Ɗanku,
Aminu