Wasiƙa Zuwa Kanada Kan Ajiye Na'urori a Cikin Sanyi

Samaru, Zariya.

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne game da shawarar da ka nema kan kayan da kake son ajiyewa a gareji har zuwa ƙarshen zangon karatun yara, wato na'urorin wasan bidiyo PlayStation 5 da Nintendo Switch, da kuma tsohuwar kwamfutarka ta hannu. Raina bai kwanta da wannan shiri ba, tunda ka ce ba a ɗumama garejin, kuma sanyin Winifeg a watan Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, har ma ya zarce.

Sanyi shi kaɗai ba kasafai yake lalata na'urar da ba a kunne take ba. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da aka ɗauko ta aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, domin danshin da ke cikin iskar ɗakin yana taruwa ya zama raɓa a kan duk abin da ya fi shi sanyi, kamar yadda gorar ruwa take gumi idan an fito da ita daga firji da damina. Raɓar da ta kwanta a jikin roba ta waje mai sauƙi ce, tsumma zai share ta. Wadda ta kwanta a kan ƙananan wayoyi da mahaɗan ciki ita ce ido ba ya gani, kuma idan yaro ya yi ɗoki ya jona wuta a wannan hali, ruwan zai haɗa hanyoyin lantarkin da bai kamata su haɗu ba, wani abu ya ƙone nan take. Ko bai ƙone ba, tsatsa za ta kama a hankali, sai bayan watanni na'urar ta fara mutuwa da kanta. Kamfanonin Sony da Nintendo, masu ƙera PlayStation da Switch, duka sun ƙayyade digiri 5 zuwa 35 a matsayin yanayin da za a yi amfani da waɗannan na'urori.

Batirin litiyam ya fi ba ni tsoro. Yana cikin Switch, da kwamfutar, da abin riƙon PlayStation, kuma idan aka yi masa caji yana ƙasa da sifili, litiyam ɗin yakan daskare a matsayin ƙarfe a cikinsa, lahanin da ba ya gyaruwa, wanda kan rage ƙarfinsa har ya jawo haɗarin gobara. Don Allah ka bar duk mai batiri a cikin gida, da caji kamar rabi, ko da a ƙarƙashin gado ne.

Mu a nan sanyin hunturu busasshe ne, ƙurar da ke toshe fanka ita ce ke kai na'urori wajen masu gyara a Sabon Gari, shi ya sa ba mu taso da sanin wannan matsala ba.

Idan kuwa babu makawa sai PlayStation ɗin ta zauna a gareji, ka cire faifan da ke ciki, ka sa ta a leda mai kauri tare da 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi, ka ɗaure bakin sosai, ka ɗora ta a saman wata kanta nesa da siminti. Ranar ɗaukowa kada a kwance ledar sai ta kwana a ɗaki, kuma ka faɗa wa yaran wannan tun yanzu.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Wassalam.

Naka,
Sani