Kafin a ɗora wa mota tukunyar gas na itace

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan wata fasaha da ta sake ɗaukar hankalin masu sana'ar hannu, wato haɗa tukunyar da ke fitar da iskar gas daga itace domin tayar da injin mota. Duk lokacin da fetur ya yi wuya sai maganar ta taso, a ga hoton mota tana tafiya da ganga a bayanta, wasu su ce ƙarya ce, wasu kuma su ɗauka cewa duk wanda ya mallaki ganga biyu da injin walda zai gama aikin cikin mako guda. Ni makanike ne, kuma na taɓa haɗa irin wannan tukunya da hannuna. Abin yana aiki, babu shakka. Sai dai samar da gas ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, wahalar tana wajen tsabtace shi da kuma tsare rai daga gubarsa, kuma waɗannan biyun su ne aka fi yin shiru a kansu.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Georges Imbert ne ya kyautata ta a shekarun 1920, har aka fara ƙera tukwanensa da yawa tun farkon shekarun 1930. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sojoji suka kwashe fetur, sai motoci sama da miliyan ɗaya a duniya suka koma amfani da itace da gawayi, mafi yawansu a Turai. A Jamus kaɗai sun kai wajen 500,000, a Suwidin sun haura 70,000, har da motocin haya da manyan motocin kaya da taraktoci. Abin lura shi ne, da yaƙin ya ƙare fetur ya dawo, cikin 'yan shekaru aka sauke kusan dukkan tukwanen nan. Mutanen da suka fi kowa sanin wannan na'ura su ne suka fi kowa gaggawar rabuwa da ita, kuma dalilansu na nan har yau ba su canza ba.

Injin ba hayaƙi yake sha ba, kamar yadda wasu ke zato. Idan aka ƙona itace a cikin tukunya rufaffiya da iska kaɗan, wutar ba ta cinye shi gaba ɗaya. A sama itacen yana bushewa, a ƙasa da nan zafi yana gasa shi ya zama gawayi da tururi mai kwalta, sannan a wurin da ƙananan bututu ke hura iska wuta takan yi ƙarfi har ta wuce digiri 1,000. Daga nan injin da kansa yake zuƙo abin da ya ƙone ta cikin jan garwashi, inda yake rikiɗewa ya zama iskoki biyu, kabon monoksaid da haidurojin, waɗanda su ne ke kamawa a cikin silinda. Kowannensu wajen kashi 20 cikin 100 ne na gas ɗin, kusan rabinsa kuwa naitirojin ne wanda ba ya ci da wuta. Shi ya sa motar da aka mayar kan itace takan rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta, wani lokaci har rabi, ga kuma nauyin tukunyar da buhunan itacen da take ɗauke da su. Kusan kilo 3 na busasshen itace ne ke tsayawa a madadin lita ɗaya ta fetur.

Yanzu bari in zo kan kwalta, domin a nan ne na yi asara. Tukunyata ta farko ta ba da gas tun ranar da na kunna ta, na sa ashana a bakin bututu wuta ta kama, na yi murna ƙwarai. Na haɗa ta da wani tsohon inji mai silinda huɗu, ya tashi, ya yi aiki na tsawon yamma. Washegari na zo tayar da shi ya ƙi juyawa. Da na buɗe kansa sai na tarar da baƙin danƙo ya like bawul-bawul, ya sandare da injin ya huce, har sandar tura bawul ɗaya ta lanƙwashe a lokacin da na matsa masa. Laifin nawa ne ta fuska biyu. Itacen da na zuba bai gama bushewa ba, alhali ana son damshinsa ya kasa kashi 20 cikin 100, sannan maƙogwaron tukunyar ya yi wa injin faɗi. Wannan maƙogwaro, wato wurin da aka tsuke a ƙasan bututun iska, shi ne sirrin tsarin Imbert, domin yana tilasta wa duk tururin kwalta ya bi ta tsakiyar wuta mafi zafi ya ƙone. Idan ya yi faɗi, ko injin ya daɗe yana aiki a hankali ba ya zuƙa da ƙarfi, zafin sai ya sauka, kwaltar ta wuce lafiya lau ta shiga inji. Ke nan kowane inji da girman tukunyar da ta dace da shi, ba a ɗaukar awon wani a ɗora wa wani.

Da yawa daga masu gwadawa suna bin zanen da hukumar ba da agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta fitar a 1989, saboda yana da sauƙin haɗawa da tarkacen ƙarfe. Amma wannan tsari ba shi da maƙogwaro, an yi shi ne domin lokacin da fetur ya yanke baki ɗaya, kuma masu haɗa tukwane sun daɗe da saninsa da yawan kwalta. A ganina ya dace da koyo, bai dace da injin da mutum yake ci da iyalinsa da shi ba. Wanda ke son aiki mai ɗorewa ya fi kyau ya nemi littafin da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 1986 a kan gas na itace a matsayin makamashin inji, domin a ciki akwai lissafin awon maƙogwaro da bututu gwargwadon girman inji.

Ko tukunyar ta yi kyau, gas ɗin yana fitowa ne da zafi da toka da kunkunniya da ruwa. Dole ya bi ta mazurarin da ke juya shi ƙura ta faɗi, sannan ta bututun sanyaya, sannan ta matata, kafin a gauraya shi da iska kusan daidai wa daida ya shiga inji. Waɗannan duka sai an riƙa buɗewa ana sharewa, ruwan da ke taruwa a ƙasa kuma mai guba ne, ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

Abin da ya fi damuna shi ne kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 ko fiye. Iskar da ke ɗauke da kashi ɗaya cikin 100 nasa tana kashe mutum cikin 'yan mintuna, gas ɗin tukunya kuwa ya ninka haka kusan sau ashirin. Yayin da inji ke aiki yana zuƙa, duk wata kafa iska take ja ciki, don haka haɗarin ya fi yawa a lokuta biyu: lokacin kunnawa, inda ake hura tukunyar da fanka na minti goma ko fiye ana fitar da gas waje, da kuma bayan an kashe inji, domin garwashin bai mutu ba, yana ci gaba da ba da gas wanda ke neman mafita ta kowace kafa. Wanda ya shigar da motar gareji ya rufe ƙofa a wannan hali ya jefa kansa da mutanen gidansa cikin halaka. A Suwidin ta lokacin yaƙi an samu mace-mace ta wannan hanya, direbobi da yawa kuma suka yi fama da ciwon kai da jiri da mantuwa, har likitoci suka keɓe wa matsalar kulawa ta musamman. Akwai kuma haɗarin buɗe murfi a ƙara itace, domin iska na shiga gas ɗin da ke sama yakan kama ya yi tsalle zuwa fuska, shi ya sa ake sa wa murfin sifirin domin ya ɗaga da kansa idan abin ya fashe a ciki, kuma ba a leƙa kai a bakin tukunya. Mai walda ma ya guji ƙarfe mai rufin tutiya a wuraren zafi, saboda hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Ban rubuto domin in kashe wa kowa gwiwa ba. Ina ganin fasahar ta fi amfani a kan injin da ke zaune wuri ɗaya a fili, kamar janareta ko injin ban ruwa, inda nauyi ba matsala ba ne, aikin injin bai cika hawa da sauka ba, kuma ana iya ciyar da tukunyar da ragowar katako daga wurin yanka ko totuwar masara maimakon a sare bishiya. Mai koyo kuma ya fara da gawayi, domin an riga an ƙone kwaltarsa, tukunyarsa ta fi sauƙi, ko da yake yin gawayin kansa yana cinye fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itacen. Injin dizal ma yana karɓar gas ɗin, amma sai an bar masa ɗan man dizal da zai riƙa kunna shi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk ranar da jaridarka za ta kawo labarin wani haziƙi da ya tayar da mota da itace, wakilinku ya tambaye shi awa nawa injin ya yi yana aiki, me aka gani da aka buɗe kansa, a ina yake kunna tukunyar, kuma ko yana da na'urar da ke yin ƙara idan kabon monoksaid ya taru. A buga amsoshin tare da hoton motar.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani makanike mai karanta jaridarku