Feshin ƙanƙarar watan Zuhal: a riƙa gaya mana zane ne ko hoto

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, tare da jinjina wa shafinku na kimiyya, wanda ba kasafai ake samun irinsa da Hausa ba. Na rubuto ne kan abin da kuka ɗora a saman labarin Inseladus, ɗaya daga cikin watannin duniyar Zuhal: fili fari fat na ƙanƙara, ruwa na tsartuwa sama daga tsagar ƙasa yana zubowa, ga Zuhal a tsakiyar sama da zobbanta a buɗe. A ƙarƙashinsa sunan watan kawai kuka rubuta. To Malam Edita, wannan zane ne. Babu kumbon da ya taɓa sauka a kan wannan wata, balle ya ɗauko mana yadda wurin yake ga wanda ke tsaye a ƙasa.

Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, saboda haka kada a ɗauka na zo kushe mai zanen. Hannunsa ya faɗa, ya kuma san inda ake sa inuwa. Amma ɗalibaina sun kawo mini shafin suna cewa ga hoton da Turawa suka ɗauko, kuma ba laifinsu ba ne, tun da babu wanda ya gaya musu akasin haka.

Feshin kansa gaskiya ne. William Herschel ne ya fara hango watan a 1789, ɗan ƙarami ne, faɗinsa kimanin kilomita 500. Kumbon Kasini, wanda aka harba a 1997 ya isa Zuhal a 2004, shi ya gano a 2005 cewa can ƙuryar kudancin watan na fesar da tururin ruwa da ɓarɓashin ƙanƙara ta wasu dogayen tsaga guda huɗu, kowacce ta kai kilomita 130. Sunayensu ma ba baƙi ba ne a kunnenmu: Iskandariya, Alkahira, Bagadaza da Dimashƙ, domin duk sunayen wuraren da ke kan wannan wata daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya ake ɗauko su, har ramin Ali Baba akwai. Ƙarƙashin ƙanƙarar teku ne mai gishiri. Abin da ya hana shi daskarewa, hanyar da watan ke bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, yana matsowa kusa da Zuhal yana ja baya a kowane zagaye na awa 33, ita kuma tana matse shi tana saki, wannan murɗar ce ke haifar da zafi a cikinsa.

Inda zanen ya rabu da gaskiya kuwa, na farko zobban nan ne. Inseladus yana zagaya Zuhal ne daidai saitin zobban, saboda haka wanda ke kansa ta gefe zai gan su, siririn layi kawai da ya ratsa tsakiyar Zuhal. Ba zai taɓa ganin su a buɗe ba. Kuma tun da fuska ɗaya watan ke nuna wa Zuhal kullum, mai tsaye a ƙuryar kudu zai same ta ne a gindin sama, rabinta a ɓoye, ba ta hawa ba ta sauka. Girmanta dai mai zanen bai yi ƙari ba, ta ninka cikakken watanmu wajen sau 60 a faɗi. Na san dalilin da ya sa masu zane ke buɗe zobban: in babu su, mai kallo ba zai gane Zuhal ba ce. Dalili ne na sana'a, na fahimce shi, amma ba haka sama take a can ba.

Sai ruwan da aka zana yana zubowa yana taruwa. Babu iska a wurin, sanyinsa kuma ya kusan digiri 200 ƙasa da sifili ko da tsakar rana. Ruwan da ya fito daga tsagar nan take yake komawa tururi da ƙanƙara mai laushi. Ƙarfin da ke jan abu ƙasa a watan kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na namu, don haka feshin na tafiya ɗaruruwan kilomita. Wani ya dawo ya lulluɓe ƙasa, shi ya sa watan ke da fari haka, wani ya tsere ya shiga wani faffaɗan zobe mai dishi-dishi da ke kewaye da Zuhal. A 2023 aka sanar cewa na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna tururin ya miƙe fiye da kilomita 9,600, yana fita kimanin lita 300 a kowace daƙiƙa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayin mai zane shi ne haske. Feshin ba ya ganuwa sosai sai rana na bayansa. Duk wanda ya taɓa shara a ɗaki da hantsi ya san wannan: ƙurar na ko'ina, amma ba ka ganin ta sai inda haske ya ratso ta ƙofa kana fuskantarsa. Haka Kasini ya riƙa yi, yana zagayawa ya sa watan tsakaninsa da rana, sannan feshin ya bayyana. Hotunan da ya ɗauka ranar 21 ga Nuwamba 2009, inda aka ƙirga feshi fiye da 30, galibin watan duhu ne, feshin kuma na walƙiya a kan baƙin sarari. Wanda ya zana rana a bayan mai kallo, ƙasa na ƙyalli, feshi kuma fari tas, ya haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Ga shi ranar kanta ƙarama ce a can, haskenta kusan kashi ɗaya cikin 90 na wanda muke samu. Ko siffar feshin ma masana ba su gama daidaitawa ba. A 2014 tawagar Carolyn Porco ta ƙirga guda 101 daban-daban, a 2015 kuma Joseph Spitale da abokan aikinsa suka ce da yawansu ido ne ke yaudara, feshin na fita ne kamar labule a tsawon tsagar, inda labulen ya lanƙwasa sai ya yi kama da ginshiƙi. Mai zane dole ya zaɓi ɗaya, mai karatu kuma ya kamata ya san an zaɓa.

Duk da haka ba na cewa a daina buga zane. A 1944 mujallar Life ta buga zanen Chesley Bonestell na Zuhal daga kan watan Taitan, da sama shuɗiya garau da duwatsu masu ƙanƙara. Kumbon Voyager 1 ya wuce ta wurin a 1980 ya tarar da hazo ruwan goro mai kauri ya rufe Taitan ruf, ko ƙasarsa ba a gani. Zanen ya kuskure, amma yara da yawa da suka gan shi sun girma sun shiga aikin sararin samaniya. Kasini ya ƙare aikinsa ranar 15 ga Satumba 2017, ya faɗa cikin Zuhal, kuma kumbon da hukumar sararin samaniya ta Turai ke shirin aikawa Inseladus sai bayan 2040. Kafin nan, mai zane ne kaɗai zai iya tsayar da mu a bakin tsagar Bagadaza.

Hotunan kumbo ma suna buƙatar bayani. Wanda ya fi yawo, mai nuna tsagar nan huɗu shuɗaye shar, an ƙara masa launi ne da hasken da idon mutum ba ya gani, don a bambanta ƙanƙara mai manyan ƙwayoyi da mai laushi. Yanzu kuma ga waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira suna yawo a WhatsApp, babu sunan mai zane, babu wanda za a tambaya.

Roƙona shi ne duk lokacin da za ku buga irin wannan, ku ƙara layi ɗaya a ƙasa: zane ne, ga sunan wanda ya zana, ko hoton kumbo kaza ne, na shekara kaza, an ƙara launi ko ba a ƙara ba. Hukumar NASA na rubuta wannan bayani a jikin abin da take fitarwa, kwafowa kawai za a yi a mayar da shi Hausa. In da hali, a fitowa ta gaba ku buga hoton Nuwamba 2009 kusa da zanen da kuka riga kuka buga, zan kai su aji mu kwatanta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Malamin zane daga Zariya