Wasiƙa daga gonar tuffa a Yakima

Salamu alaikum mutumina, ya gida ya iyali, ya jikin Baba? Da fatan an samu sauƙi. Ka yi haƙuri da shiru na kwana biyu, wallahi aiki ne ya sha kaina, tun watan Yuni nake yawo gonakin tuffa a nan Yakima, jihar Washington, jihar da ke noma fiye da rabin tuffar Amurka gaba ɗaya.

Ka tambaye ni wai me nake yi a gona ni da na zo karatu. To tsutsa nake bi, kar ka yi dariya. Sunanta na kimiyya Choristoneura rosaceana, 'yar asalin nan Arewacin Amurka ce, koriya mai baƙin kai, tana naɗe ganye da zare irin na gizo-gizo ta shige ciki abinta, kana buɗewa sai ta yi wutsil-wutsil da baya ta sulale ƙasa a jikin zaren. Ranar farko guda uku suka kufce min ina tsaye kamar wani gaula.

Abin haushin ma ba ganyen ba ne. Sai ta manna ganye a jikin tuffa ta ɓuya a ƙarƙashi tana gwaguyar fatar, ba ta shiga ciki sosai fa, ɗan tabo ne kawai, amma su nan tabo ɗaya ya isa a ware ta daga na kanti, sai dai a kai kamfanin lemon kwalba a arha. Mu da a kasuwarmu sai a yanke wurin a cinye sauran!

Uwar ƙaramin ƙwaro ne mai fiffike ruwan ƙasa da ratsi a karkace, da dare take tashi, tana zuba ƙwai kusan 200 wuri ɗaya a saman ganye. Lokacin sanyi ƙananan tsutsotsin suna laɓewa a ɓawon bishiya har ƙanƙara ta wuce. Mu aikinmu rataya tarko mai ƙamshin mace, mazan su zo su manne a gam, mu ƙirga duk sati don manomi ya san ranar feshi, dama wasu tsofaffin magungunan sun daina kama ta.

Wai har yanzu mai naɗe ganyen kuɓewa tana damunku a fadama? Ba danginsu ɗaya ba amma halinsu iri ɗaya ne. Don Allah ka warware ganye guda ka ɗauko min hoto ta WhatsApp. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum.